Daga Ponzi Zuwa MMM: Tarihin Damfarar Zuba Jari

A shekarar 1920, wani Ba'italiye mazaunin birnin Boston na Amurka mai suna Charles Ponzi ya yi wa jama'a alkawarin ribar kashi 50 cikin 100 a kwana 45. Ya ce yana sayen takardun amsa wasiƙa na gidan waya da araha a Turai, ya musanya su da kan sarki mai tsada a Amurka. A haƙiƙa kuwa, da kuɗin waɗanda suka zo yau yake biyan na jiya. Jaridar Boston Post ta tona asirinsa, a watan Agusta harkar ta rushe, aka ɗaure shi. Ya mutu matalauci a Brazil a 1949, amma har yau da sunansa ake kiran wannan nau'i na damfara.

Wanda ya gaje shi da gaske shi ne Sergei Mavrodi na Rasha. Kamfaninsa MMM ya cika talabijin da talla, ya kuma durƙushe a 1994 da kuɗin miliyoyin mutane. Bayan ya fito daga kurkuku, sai ya farfaɗo da shi a 2011, wannan karon a intanet, inda ba ya buƙatar ofis ko ma'aikata.

Da MMM ta iso Nijeriya, cikin rigar taimakon juna ta shigo. Mutum ya tura wa wani baƙo kuɗi da sunan ba da taimako, bayan kwana 30 wasu su turo masa da ƙarin kashi 30. Wannan siffa ta yi kama da adashi, shi ya sa zukata suka kwanta. Sai dai adashi ba ya haihuwa. Abin da mutum ya zuba shi yake kwasa, kuma ya san uwar adashi har gidanta. Ƙaramin lissafi ya isa ya fasa ƙwan: naira 1,000 da ke ƙaruwa da kashi 30 duk wata za ta haura 23,000 a shekara guda, ba tare da an noma ko an sayar da komai ba.

Abin da Ponzi bai samu ba shi ne Facebook da WhatsApp. MMM tana ba da lada ga wanda ya jawo wani, tana ƙara wa wanda ya ɗora bidiyon shaidar an biya shi. Ta haka aka mai da wanda za a cuta ya zama ɗan talla, kuma 'yan'uwansa ya fara jawowa. Babban Bankin Nijeriya ya yi gargaɗi, aka yi kunnen uwar shegu. Ranar 13 ga Disamba, 2016, aka rufe asusun mahalarta. Daga bisani hukumar NDIC ta ƙiyasta asarar da naira biliyan 18.

A Ghana ma an ga irinta, inda Menzgold ta fake da cinikin zinariya har hukuma ta dakatar da ita a Satumban 2018. CBEX kuwa da kuɗin kirifto ta fake, ta rushe a Afrilun 2025, makonni kaɗan bayan an sa hannu a sabuwar dokar zuba jari ta Nijeriya, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 10 ga masu irin wannan harka.