Wida da gaɓar tekunta a idon mutumin Arewa

Mutanen Dogon Dutsi da Tibiri sun daɗe da sanin hanyar kudu: Doso, Gaya, a haye gadar Kwara zuwa Malanbil, sannan Kandi da Faraku har Kwatano. Tun buɗe babbar tashar jiragen ruwa ta Kwatano a 1965, can fatakenmu suka fi ɗauko kaya, kafin rufe iyaka da aka yi a 2023. Amma kaɗan ne daga cikinsu suka ƙara kilomita kamar 40 yamma domin ganin Wida. A ganinmu wannan gari ya fi Kwatano shafar tarihinmu.

Abin da ke fara ba baƙo mamaki shi ne Wida ba a bakin ruwa take ba. Tsakanin gari da teku akwai tafiyar kilomita kusan 4, ana ratsa fadama. A zamanin cinikin bayi, jirage na tsayawa ne can nesa, sai ƴan kwalekwale su yi ta kokawa da igiyar ruwa suna kai musu mutane. Duk da haka, masana sun ƙiyasta cewa bayi sama da miliyan ɗaya suka fita ta nan daga ƙarshen ƙarni na 17 zuwa wajen 1860. Fotigal ta gina ganuwarta a 1721, sarki Agaja na Dahome ya ci ƙasar a 1727, ganuwar kuma ta zauna hannun Fotigal har 1961. Daga baya aka maishe ta gidan tarihi.

To ina Hausawa a ciki? Bayan tashin jihadi a 1804, yaƙe-yaƙen ƙasar Hausa sun tara kamammu da yawa. Ana bi da wasunsu ta Nufe da Oyo zuwa Ikko, Badagiri, Fotonobo da Wida, mafi yawa kuma Bahiya ta Burazil aka nufa da su. A can takardun hukuma sun ambace su da sunan ƙabilarsu: a 1807 an tona shirin tawayen da Hausawa suka ƙulla a Salbado, a 1814 suka tayar da wani, sannan wasunsu suka shiga babban tawayen Musulmi na 1835. Bayan wannan ne aka koro ƴantattu da dama zuwa gaɓar da aka ɗauke su. Kada mu manta Arewa maƙwabciyar Kabi ce, kuma rikicin Kabi da Gwandu ya cinye mata yawancin ƙarni na 19.

Mai ziyara yau zai bi hanyar da ake kira ta bayi, wadda shirin UNESCO na 1994 ya fito da ita, ya isa ƙofar tunawa da aka gina kan rairayi a 1995. Gaɓar na da kyau, ga itatuwan kwakwa, ga masunta na jan koma, sai dai ruwan na da haɗari ga wanda bai saba ba, balle ɗan tudu. Abin da muke gani ya yi ƙaranci shi ne labarin inda mutanen suka fito. Ana faɗin inda aka kai su, ana ratsa zancen arewa da sauri. Wida tana da unguwar Zongo da masallacinta, kuma can ya kamata ɗalibanmu masu tattara tarihin baka su fara sauka, su gwada abin da za su ji da na tsofaffin Matankari da Lugu.