Peter Van Soest, masanin da ya gano hanyar auna ƙarfin ciyawa

Peter Van Soest masanin abincin dabbobi ne ɗan ƙasar Amurka. An haife shi a shekarar 1929 a jihar Washington, ya tashi a gonar kiwon shanun madara. Ya samu digirin dakta a jami'ar Wisconsin a 1955, kuma a 1957 ya kama aikin bincike a cibiyar ma'aikatar noma ta Amurka da ke Beltsville.

A lokacin, masana na auna ingancin ciyawa da wata tsohuwar dabara da aka ƙirƙiro a Jamus tun wajajen 1860. Dabarar tana narkar da wani ɓangare na zaren ciyawa, wato sashenta mai tauri, sai awon ya nuna ƙasa da abin da ke ciki. Ta haka ciyawa marar ƙarfi kan fito tamkar mai kyau.

Van Soest ya warware matsalar ta hanyar dafa ciyawa cikin ruwan sabulu na musamman. Ruwan yana wanke abin da ke narkewa da sauƙi, ya bar zaren a auna shi. A 1963 ya fito da awon da ake kira ADF, mai nuna yadda ciyawa za ta narke a tumbin saniya. A 1967 awon NDF ya biyo baya, wanda ke taimakawa a san yawan abin da za ta iya ci kafin tumbinta ya cika.

A 1968 ya koma jami'ar Cornell, inda ya koyar har ya yi ritaya. Littafinsa a kan dabbobi masu tuƙa, Nutritional Ecology of the Ruminant, ya fito a 1982, aka sake buga shi a 1994. Ya rasu a watan Maris na 2021.

Cikin abubuwan da ya bayyana akwai wanda ya shafi ƙasashe masu zafi kamar Nijar: zafi yana sa tsiro ya yi saurin tara liginin, sinadarin da ke mayar da kara kamar itace, wanda tumbi ba ya iya narkarwa. Shi ya sa saniya kan cika cikinta da karan hatsi da rani amma tana ramewa, alhali harawar wake ko ta gujiya, masu ƙarancin zare da yawan sinadarin gina jiki, suna riƙe ta. Ciyawar da aka yanka tun tana kore ma ta fi wadda ta bushe a tsaye.

Har yau, ɗakunan gwajin abincin bisashe a duniya, har da na Afrika, da awonsa suke aiki.