Batirin dalma: abin da mita ke faɗa da abin da take ɓoyewa

Wataƙila ka taɓa kai batirin inbata ko na fitilar caji wurin mai gyara, ya ɗora masa mita ya ce maka lafiyarsa lau, ga volt 12.7 nan. Ka koma gida, aka ɗauke wuta, ko rabin awa bai yi ba ya mutu. To, mai gyaran bai yi maka ƙarya ba, mitar ma haka. Sai mun waiwayi tarihin batirin kafin mu gane inda gizo ke saƙa.

A shekarar 1859 ne wani masanin kimiyya ɗan Faransa, Gaston Planté, ya naɗe fallayen dalma guda biyu ya tsoma su cikin asid, wato abin da muke kira ruwan batir. Wannan shi ne batir na farko da in ya ƙare ake iya sake yi masa caji. A 1881 Camille Faure ya ɓullo da dabarar shafa kwaɓaɓɓen garin dalma a jikin fallayen, abin da ya sa aka fara ƙera shi da yawa a masana'antu. Daga 1912, lokacin da motar Cadillac ta fito da sitata mai aiki da lantarki, batir ya samu gindin zama a mota.

Batirin wancan zamani yana da murafe. Makanike ya buɗe, ya ƙara tataccen ruwa, sannan ya zuƙo ruwan batirin da wani bututun gilashi ya auna nauyinsa. Dalili kuwa, yayin da batir ke ba da wuta, asid ɗin yana shigewa jikin dalma ya zama wani farin gishiri da ake kira salfet, ruwan ya tsinke. In an yi caji sai asid ya komo, ruwan ya sake yin nauyi.

A 1957 Otto Jache na kamfanin Sonnenschein a Jamus ya samo hanyar daskarar da ruwan, ya zama kamar kafaffen koko, ba ya zuba. A farkon shekarun 1970 kuma kamfanin Gates da ke Denver a Amurka ya fito da wanda ake jiƙa ruwan a cikin wani soso na zaren gilashi. Iskar da caji ke tayarwa tana komawa ruwa a ciki, don haka aka rufe batirin ruf, aka bar ɗan bawul kawai. An huta da ƙarin ruwa, amma fa an toshe tagar da ake leƙa cikinsa. Abin da ya rage a hannun mai gyara shi ne mita.

To me mitar ke aunawa? Batir mai volt 12 ɗakuna shida gare shi, kowanne yana ba da volt 2.1 ko sama kaɗan. In ya huta, ba caji ba aiki na wasu sa'o'i, lambar da za ka gani ƙarfin asid ɗin take nunawa: wajen 12.7 zuwa 12.9 ya cika, wajen 12.2 saura rabi, ƙasa da 12 ya kusa ƙarewa. Kada ka auna da zarar an cire shi daga caji, zai nuna maka 13 da wani abu na ɗan lokaci.

Ka ɗauka randa ce da laka ta cinye rabinta. Ka zuba ruwa ya kai baki, mai leƙawa ya ce ta cika, kuma gaskiya ya faɗa. Sai an zo ɗiba a ga ƙasa tun ba a je ko'ina ba. Lakar batir iri uku ce. In an bar shi ba caji, salfet ɗin nan ya ƙanƙare ya ƙi komawa. Ragar dalmar da ke riƙe da kwaɓin tana cinyewa a hankali. In kuma caji ya yi yawa, ruwa ya fice ta bawul, ba kuma hanyar mayarwa. Zafi yana hanzarta su duka. Masu ƙerawa suna lissafin shekarun batir ne a kan digiri 20 zuwa 25, kuma kowane ƙarin digiri 10 yana rage kwanansa da kusan rabi. Kai da ke saurarenmu a Khartoum, ko Njamaina, ko Makka, batirin da aka ce zai yi shekara biyar, in ya yi biyu da rabi a ɗaki mai digiri 35, kada ka ce an cuce ka.

Gwajin gaskiya shi ne a sa shi aiki a duba agogo. Ƙaramin batir mai lamba 7Ah, ma'anarta zai ba da ampiya 0.35 har awa 20 kafin ya sauka zuwa volt 10.5. Ƙwan fitila mai wat 4 kusan haka yake ja. In ya kasa kai awa 16, wato kashi 80 cikin ɗari, a ƙa'idar masana'antu ya tsufa ke nan. Kada dai ka ɗora masa kaya mai nauyi, domin tun 1897 Bajamushe Wilhelm Peukert ya nuna cewa in an ja wuta da ƙarfi, abin da batir zai bayar yana raguwa. Kana gamawa ka mayar da shi caji. Wuri ɗaya da mita kaɗai ta isa shaida: in an cika shi, ya huta, ya tsaya wajen 10.5, galibi ɗaki ɗaya ne ya mutu.

In ya mutu kuma, don Allah kada a fasa shi a tsakar gida. A unguwar Thiaroye-sur-Mer da ke wajen Dakar, yara 18 suka rasu tsakanin 2007 da 2008 saboda gubar dalma daga ƙasar da aka daɗe ana fasa tsofaffin batura a kanta. Ka mayar wa dillalin da ke karɓar tsoho in za ka sayi sabo.

A nan za mu dasa aya, sai wani makon idan Allah ya kai mu.