Cutar da Ke Bin Miyau: Yadda Aka Koyi Jinyar Kyanwa Mai Sankarar Jini

A farkon shekarun 1960 wani likitan dabbobi a birnin Gilasgo na ƙasar Sikotland ya ga abin da ya ɗaure masa kai: kyanwoyin gida ɗaya suna ta kamuwa da ciwon daji na kaluluwa, wannan na bin wannan. A sanin likitocin lokacin, daji ba mura ba ne da za a ce wani ya shafa wa wani. Sai ya kai maganar makarantar likitan dabbobi ta Jami'ar Gilasgo, wurin William Jarrett, mutumin da ya riga ya yi suna a aikin rigakafin tsutsar huhun shanu. Jarrett ya ɗebi ƙarin da aka ciro daga jikin wata kyanwa, ya niƙa, ya raba ruwan da ƙwayoyin naman, ya yi wa jariran kyanwoyi allurarsa. Bayan watanni suka kamu da irin wannan dajin. Da ya duba da madubin lantarki mai ƙarfi, sai ga ƙwayoyin bairos suna tsirowa daga jikin ƙwayoyin jinin da suka lalace. A 1964 ya wallafa sakamakon a mujallar Nature. Wannan ita ce ƙwayar da likitoci ke rubutawa FeLV, mai haddasa sankarar jini a kyanwa.

Ba Jarrett ne ya fara ganin bairos ya haifar da daji ba. Ellermann da Bang sun gan shi a kaji a Denmak tun 1908, Peyton Rous ya ƙara a 1911, Ludwik Gross kuma ya same shi a ɓeraye a 1951. Amma ɓerayen nan na ɗakin gwaji ne, an yi ta haɗa su da 'yan'uwansu na jini har suka zama kamar mutum ɗaya, shi ya sa masana da yawa suka ɗauka cewa irin waɗannan ƙwayoyin gado ne, uwa ke miƙa wa ɗa. Kyanwa kuwa dabbar gida ce da ke yawo, tana cuɗanya da wadda ta ga dama, tana kwana kan gadon maigida.

Wanda ya warware gardamar shi ne William Hardy, likitan dabbobi a cibiyar daji ta Sloan-Kettering da ke Niyu Yok. Ya ƙirƙiro gwajin da ake shafa ɗigon jini a kan gilashi, a zuba masa sinadari, a duba ko fararen ƙwayoyin jini za su haska. Da wannan gwajin ya bi gidajen masu kiwon kyanwa, a 1973 ya nuna cewa cutar tana tsallakawa daga kyanwa zuwa kyanwa ko da babu dangantaka. A gidajen da aka taɓa samun mai cutar, kusan ɗaya cikin uku na sauran kyanwoyin, masu ƙiba da ƙyallin gashi, suna ɗauke da ita. Su ma masanan Gilasgo, ciki har da Oswald Jarrett, ƙanen William, sun kai ga wannan matsaya a daidai lokacin.

Hanyar yaɗuwar ita ce ta fi taɓa min zuciya tun ina ɗalibin likitancin dabbobi. Ƙwayar ba ta da ƙarko a waje. Da ta bar jiki ta bushe ta mutu, ruwa da sabulu ma sun ishe ta. Miyau ne gidanta. Saboda haka tana bin kwanon ruwa ɗaya da ake sha, tana bin nono, tana bin cizon muzurai, amma ta fi bin lasar juna. Duk wanda ya taɓa zama ya kalli kyanwa biyu da suka shaƙu, ɗaya ta danne kan ɗaya da hannu tana lasar bayan kunnenta, ya ga hanyar da idonsa. Wadda ta fi son 'yar'uwarta ita ta fi shiga haɗari, kuma 'yan ƙanana sun fi manya saurin kamuwa nesa ba kusa ba.

A wancan lokaci na su Hardy kuɗin bincike ya wadata. Shugaban Amurka Nixon ya sa hannu a dokar yaƙi da daji a 1971, ana ta neman bairos ɗin da ke jawo wa mutum sankara, sai kyanwa ta zama abar dubawa. Max Essex na Jami'ar Harvard yana cikin waɗanda suka lura cewa sunan da aka ba cutar ya rufe rabin labarin. Waɗanda daji ke kashewa ba su kai waɗanda ke mutuwa da ƙarancin jini da rushewar garkuwar jiki ba: gyambon baki da ya ƙi warkewa, majina da ba ta ƙarewa, zawo, rama. Da cutar ƙanjamau ta bayyana a 1981, wannan darasi na kyanwa yana cikin abin da ya sa aka yi saurin zargin irin wannan dangin ƙwayoyi. A 1986 Essex ya raba lambar yabo ta Lasker da Robert Gallo da Luc Montagnier. Ita FeLV ɗin dai ba ta kama mutum. An bincika sosai, har da jinin likitoci da masu kiwo, ba a samu ba.

Amma me ya faru da kyanwar da kanta? Nan ne tarihin ya yi ɗaci. An sami gwaji, babu rigakafi, babu magani. Shawarar da aka bayar a tsakiyar shekarun 1970 ita ce a gwada duk kyanwoyin gida, a fitar da masu cutar, a wanke kwanuka, a sake gwaji bayan wata uku. Fitarwa a takarda tana iya nufin keɓewa. A aikace, a yawancin gidajen kiwo da gidajen ajiye dabbobin da ba su da masu su, tana nufin allurar kisa. Kuma tsarin ya yi aiki, ba zan ɓoye ba. Gidajen kiwon da cutar ta yi wa kaca-kaca sun tsarkaka cikin 'yan shekaru. Alƙaluman lokacin ma sun goyi bayansa, don binciken su Hardy ya nuna fiye da kashi 80 cikin 100 na masu ɗauke da ƙwayar a jini sun mutu cikin shekara uku da rabi. Mai gidan ajiya da ke da keji hamsin da kyanwa ɗari ba mugu ba ne don ya bi wannan lissafi.

Abin da nake ƙi shi ne yadda dabarar gaggawa ta rikiɗe ta zama al'ada. Gwajin ya sauƙaƙa a shekarun 1980, ya fita daga ɗakin bincike ya hau teburin kowane likita: ɗan farantin roba, ɗigon jini, minti goma, tabo ya fito. Da sauƙin ya zo, tunani ya ragu. Kyanwa tana cin abinci, tana wasa da igiya, tabo ɗaya ya yanke mata hukunci kafin la'asar. An shafe shekaru ana haka, har bayan da rigakafi ya samu.

Rigakafin farko ya fito kasuwa a Amurka a 1985, sunansa Leukocell, kamfanin Norden ya yi shi bisa aikin Richard Olsen na Jami'ar Jihar Ohayo. Wasu sun biyo baya, sun fi shi inganci. Shi ma bai zo ba tare da tangarɗa ba. A 1991 masana a Jami'ar Fensilbeniya suka ba da rahoton wani mugun ƙari da ke fitowa wa wasu 'yan kyanwoyi ƙalilan a daidai gurbin allura, yawanci tsakanin kafaɗu inda aka saba yi. Daga nan aka canza wuri: ta sankarar jini a ƙafar baya ta hagu, ta haukar kare a ta dama, can ƙasa, don in ƙari ya fito a iya yanke ƙafar a ceci rai. Har yau in na kama ƙafar hagun kyanwa zan soka allura, na san dalilin da ya sa hannuna ya je can. Gwaji da rigakafi tare sun rage cutar ƙwarai. Wani babban bincike a Amurka da Kanada da aka wallafa a 2006, kan kyanwoyi sama da 18,000, ya same ta a kashi 2.3 cikin 100.

Abin da ya karya tsohuwar al'adar shi ne ƙarin sanin abin da ke faruwa a cikin jiki. Da aka sami gwajin da ke gano gadon ƙwayar a ɓoye cikin ƙwayoyin jini, masana irin su Hans Lutz da Regina Hofmann-Lehmann na Jami'ar Zurik suka fayyace cewa kamuwa ba iri ɗaya ba ce. Wata kyanwar garkuwarta kan kore ƙwayar tun a ƙofa. Wata ƙwayar kan shiga ta yi makonni tana yawo a jini, sannan jiki ya danne ta, ta kwanta a ɓoye. Irin wannan ba ta yaɗawa ta miyau muddin tana kwance, kuma tana iya tsufa lafiya, sai dai ba a ɗaukar jininta a ƙara wa wata. Ta uku ita ce wadda ƙwayar ta kafa sansani a ɓargonta, tana zubar da ita har ƙarshen rai. Gwajin minti goma, in aka yi shi sau ɗaya, ba zai iya bambance ta biyu da ta uku ba. Wani lokacin ma ƙarya yake yi. Ke nan cikin waɗanda aka kashe a shekarun can akwai waɗanda da an ba su wata biyu da sun tsallake, akwai kuma waɗanda ba su da komai tun asali.

Ƙungiyar likitocin kyanwa ta Amurka ta rubuta a jagorarta ta 2008, ta nanata a 2020, cewa kada a kashe kyanwa don sakamakon gwaji kawai. Wata ƙungiyar ceton dabbobi a birnin Austin na jihar Tegzas, Austin Pets Alive!, ta buɗe shirin nemar wa masu cutar gidaje. Cikin kyanwoyi 801 da aka turo mata da sunan masu cutar, sake gwaji ya wanke kusan ɗaya cikin biyar, mafi yawan sauran kuma sun sami masu riƙo.

A wurin aikina shanu da awaki ne suka fi yawa, kyanwa sai jefi-jefi, farantin gwajin kuma tsada gare shi, ba kullum ake samunsa ba. Wata Hajiya ta taɓa kawo min magenta a cikin kwandon wanki, an rufe da zane. Na ɗaga leɓenta, dasashin da ya kamata ya yi ja ya koma fari kamar farar ƙasa, numfashi sama-sama. Gwaji ya nuna ƙwayar. Ta dube ni ta ce, "Likita, gaya min gaskiya, zaluntarta nake yi in na bar ta?" Na ce, "Hajiya, yau tana shan wahala, amma bari mu ga abin da ya kwantar da ita tukuna." Ba sankarar ba ce kai tsaye, wata ƙwaya ce da ke lalata jajayen ƙwayoyin jini, wadda ta sami ƙofa saboda garkuwa ta yi rauni, kuma tana jin magani. Magen ta tashi. Da muka sake gwaji FeLV na nan daram, amma ta ƙara shekaru a ɗakin Hajiya kafin ƙari ya fito mata a ƙirji.

Wannan shi ne abin da aka koya da ƙyar: yawancin abin da ke kwantar da mai wannan cuta wani ciwo ne na daban da ake iya yi wa magani, in an kama shi da wuri. Don haka jinyar ba ta da wani sirri. A tsare ta a cikin gida, don kare ta da kare na maƙwabta. A fiɗiye namiji, a cire mahaifar mace, yawo da faɗa su ragu. Kwanonta daban. Kada a ba ta ɗanyen nama ko kayan ciki daga mahauta, a dafa, don cikinta ba zai iya da ƙwayoyin da lafiyayya ke shanyewa ba. A kashe mata ƙuma da tsutsar ciki. Duk wata shida likita ya duba baki, ido, kaluluwa da nauyi, domin rama kan riga kowace alama zuwa. In akwai wasu kyanwoyi a gidan, a gwada su, a yi wa masu lafiya rigakafi. Kuma ina roƙo, kada a ba kyanwa farasitamol ko da ɓari ne. Hantarta ba ta iya sarrafa shi, yana kashe ta, kuma mutane na yin haka da kyakkyawar niyya in sun ji jikinta da zafi.

Maganin da zai tumɓuke ƙwayar daga ɓargo har yanzu babu. An gwada AZT, maganin ƙanjamau na farko, yana ɗan taimaka wa wasu amma yana iya ƙara ƙarancin jini. Akwai allurar intaferon ta kyanwa da ake sayarwa a Turai da Japan, mai tsada, amfaninta matsakaici. Dajin kaluluwa kan ja baya da maganin daji na wani lokaci, ƙarin jini kan sayi makonni. Kiyasin da ake yawan ambata shi ne rabin masu cutar kan wuce shekara biyu da 'yan watanni bayan an gano ta, marasa ita kuwa fiye da shida. Gajeren rai ne, kuma ba na ɓoye wa mai kyanwa haka. Ranar da ta daina ci, numfashi ya gagara, magani ya daina kamawa, ni da kaina nake ba da shawarar a sauƙaƙa mata. Kafin wannan rana, in tabo ya fito a farantin kuma kyanwar na tsaye da ƙafafunta, abin da nake rubutawa a katinta shi ne a keɓe ta, a dawo da ita bayan wata guda a sake gwaji.