Daga Rumbu Zuwa Kasko: Tarihin Kyanwa da Alkama

Duk wanda ya taɓa riƙe kyanwa a gidan bene, inda babu tsakar gida balle lambu, ya san wannan hali nata. Za ka ba ta kifi ta ci ta lashe baki, can an jima ka same ta a lungu tana taunar bakin tsintsiya, ko tana gutsurar ganyen furen da aka ajiye don ado. Tamu ma haka take. Da yake aikinmu na rubuta manhajar kwamfuta a gida muke yin sa, kullum abin a kan idonmu yake faruwa. Da muka bincika sai muka tarar a kantunan Turai da Amurka har sayar da wata aba ake yi da sunan ciyawar kyanwa. Ashe alkama ce kawai, ko sha'ir da danginsu, a shuka a kasko a ba ta tun suna ɗanyen toho. Abin da ya ja hankalinmu shi ne, waɗannan hatsi su ne suka haɗa mu da kyanwa tun asali.

Kimanin shekara 10,000 da suka wuce, mutanen yankin da ya haɗa Iraƙi, Siriya, Falasɗinu da kudancin Turkiyya na yau suka fara noman alkama da sha'ir. Wanda ya noma kuwa dole ya adana, inda aka adana hatsi kuma ɓera ba ya jiran gayyata. A dajin yankin akwai wata kyanwa mai ruwan ƙasa da ratsi-ratsi, wadda masana ke kira Felis lybica, ana kuma samun ta a sassa da dama na Afirka har gobe. Ita ce kakar duk magen gida da ke duniya. Ba wanda ya ɗaure ta kamar akuya ko ya yi mata turke kamar jaki. Ta biyo ɓera zuwa rumbu, manomi ya ga amfaninta, ya ƙyale ta.

Tsohuwar shaidar wannan zama ta fito ne daga tsibirin Saifurus. A 2004 masu binciken kayan tarihi na Faransa, ƙarƙashin Jean-Denis Vigne, suka bayyana wani kabari a Shillourokambos mai shekara kusan 9,500. A cikinsa akwai mutum, kusa da shi kuma an binne 'yar kyanwa mai kamar wata takwas. Tsibirin ba shi da kyanwa ta asali, ke nan a kwale-kwale manoman farko suka tsallako da ita, kamar yadda suka tsallako da irin shukarsu.

A Masar ta Fir'auna darajarta ta kai ƙololuwa. Ƙasa ce da arzikinta ya dogara a kan rumbunan alkama da sha'ir, don haka mai tsaron rumbu ta zama abar girmamawa, har suka danganta ta da abar bautarsu Bastet, wadda cibiyarta ke Bubastis, kusa da garin Zagazig na yanzu. Masanin tarihin Girka Herodotus ya ba da labarin cewa idan kyanwa ta mutu a gida, mutanen gidan kan aske girarsu don makoki. Sun kuma riƙa naɗe gawarwakin kyanwoyi da tsumma suna binnewa dubbai-dubbai. A 1888 aka tono wata irin wannan maƙabarta a Beni Hasan. Shekara biyu bayan haka aka sauke kusan tan 19 na gawarwakin a Libaful ta Ingila, aka yi gwanjonsu a matsayin takin gona. Waɗanda suka tsare hatsin Masar suna raye, sun ƙare a ƙarƙashin gonakin Turawa.

Musulunci ma ya ba ta matsayi. Sahabi Abu Huraira ya samo laƙabinsa ne daga 'yar kyanwar da yake ɗauka, kuma ana ba da labarin cewa Sarki Baibars, wanda ya mulki Masar daga 1260 zuwa 1277, ya yi waƙafin wani lambu a Alƙahira don ciyar da kyanwoyin gari. A duk waɗannan zamunna, kamar yadda yake a ƙauyukanmu har yau, mage mai shige da fice ce. Ta kwana a gindin rumbu, ta haura katanga, ta yi farautarta, ta tsinki ciyawar da ta ga dama.

Abin da ya rufe mata ƙofa ya faru ne kwanan nan. A 1947, a wani ƙaramin gari na jihar Mishigan ta Amurka, wata maƙwabciyar wani matashi mai suna Edward Lowe ta nemi yashi don akwatin da kyanwarta ke biyan buƙata, saboda tokar da take zubawa tana ɓata mata ɗaki. Sai ya ba ta wani busasshen yumɓu mai shanye ruwa da wari. Abin ya yi kyau, ya fara ƙulla shi a jaka yana sayarwa da sunan Kitty Litter. Da aka haɗa wannan da abincin gwangwani da kuma aikin hana haihuwa da likitocin dabbobi ke yi, sai ya zama kyanwa za ta iya rayuwarta duka ba ta taka ƙasa ba. Mafarauciyar rumbu ta koma kyanwar Lami.

Sai dai jikinta bai manta daji ba. Kyanwa maciyar nama ce zalla, amma tana neman ciyawa. Benjamin Hart na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, tare da abokan aikinsa, sun tambayi masu kyanwa sama da 1,000, suka gabatar da sakamakon a 2019. Kashi 71 cikin 100 na kyanwoyin an gan su suna cin ganye aƙalla sau shida, mafi yawansu lafiyarsu ƙalau kafin su ci, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ke yawan amai bayan haka. Masanan suna ganin gado ne daga kakanninta na daji, waɗanda ciyawa ke taimaka wa wajen fitar da tsutsar ciki. Matsalar ita ce, kyanwar da aka kulle za ta ci duk koren da ta samu, kuma wasu furannin ado guba ne a gare ta. Furen lili kaɗai yana iya lalata mata ƙoda cikin 'yan kwanaki.

Mun taso muna jin hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci da kanta ba. Wanda ya rufe ƙofa, duk abin da ke bayan ƙofar ya koma wuyansa, har da ciyawa.

Sauke wannan nauyi kuwa ba shi da wuya. Alkamar da ake yin alkaki da ita, ta kasuwa, ta isa. A tabbatar ta ci ce, kada a ɗauki irin shuka da aka cuɗe da maganin ƙwari. A guji dawa, domin makiyaya sun daɗe da sanin tohonta yana kashe dabba. A jiƙa cikin hannu ɗaya ya kwana, a watsa a kasko mai huda a gindi, a rufe da ƙasa kaɗan, a ajiye kusa da taga ana yayyafa ruwa. Cikin kwana biyu zuwa uku za ta tsiro, bayan mako guda ko kwana goma ta kai tsawon yatsa ko fiye, a miƙa mata. Takan yi mako biyu zuwa uku kafin ta yi rawaya, shi ya sa muke da kasko biyu, idan ɗaya na gabanta ɗaya na tsirowa.

Ranar da muka fara ajiye mata, ta daɗe tana sansana kaskon kafin ta karkata kai ta kama ganye ɗaya da turamenta. Tun daga ranar tsintsiyarmu ta huta.