Daga Katin Gidan Waya zuwa Hoton Waya: Yadda Gaisuwar Sallah ta Sauya a Hannunmu

A makon jiya, muna gyara akwatin takardun ƙungiya, muka ci karo da wani tsohon ambulan cike da katunan barka da sallah da hotuna na shekarun 1990. Wasu sun yi ja, wasu gara ta ɗan taɓa gefensu, amma duk fuskar da ke ciki ana gane ta, kuma kusan kowane hoto akwai suna da shekara a bayansa da biro. Da muka nemi hotunan sallar shekarun baya-bayan nan, waɗanda aka ɗauka da manyan wayoyi, sai muka tarar babu ko ɗaya a akwatin. Wannan ne ya sa muka ga ya kamata mu waiwayi inda al'adar ta faro.

Katin gaisuwa na sayarwa ba a ƙasarmu aka fara shi ba. A Landan ne, a 1843, wani ma'aikacin gwamnati mai suna Henry Cole ya sa mai zane John Callcott Horsley ya tsara masa katin Kirsimeti, aka buga guda dubu. Shekara uku kafin nan Ingila ta sauƙaƙa kuɗin aika wasiƙa zuwa kwabo ɗaya, shi ya sa abin ya karɓu. Musulmin Indiya da na Malesiya su ma daga baya suka mayar da shi katin Idi. Mu kuwa gaisuwar sallah a wajenmu ƙafa ce: yaro ya tafi yawon sallah, babba ya je ya durƙusa gaban na gaba da shi. Sai da aikin gwamnati, jirgin ƙasa da makarantun kwana suka raba mutane da garuruwansu sannan takarda ta fara tsaya wa ƙafa.

Waɗanda suka manyanta a cikinmu za su tuna cewa kafin katin hoto akwai katin zaɓe. Mutum ya sayi kati, ya jera sunayen iyaye da abokai, ya aika Rediyon Kaduna, ya zauna jiran ranar da za a karanto a shirin Zaɓi Sonka. Wanda ya makara, gaisuwarsa ta ƙaramar sallah sai a ji ta ana shirin layya. Tun a lokacin masu wayo sun gane cewa gaisuwar nesa tun kafin azumi ya raba ake shirya ta.

Abuja ta ƙara wa al'adar ƙarfi. Gwamnatin Janar Murtala Muhammad ce ta kafa dokar sabon babban birni ranar 3 ga Fabrairu 1976, tsohuwar Abuja ta koma Suleja, sannan gwamnatin Janar Babangida ta tare a hukumance ranar 12 ga Disamba 1991. Ma'aikatan da aka kwaso daga Legas da Kaduna, da 'yan kasuwa da leburorin gini, akasarinsu sun baro iyali a gida. Har gobe Abuja kan zama fayau idan sallah ta zo, to amma ba kowa ke samun tafiya ba. Mai gadi, ɗan sanda, ma'aikacin asibiti da wanda aljihunsa bai kai ba, su ne suka riƙe al'adar kati. Hukumar NIPOST, wadda ta fito daga tsohuwar P&T a 1985, ita ke ɗaukar saƙon. Mutum ya je gidan waya na Garki, ya liƙa kan sarki, ya rubuta adireshin makarantar firamare ko ofishin hakimi, domin ƙauyuka da yawa ba su da akwatin gidan waya. Wanda bai yarda da wannan hanya ba ya nufi tasha, Jabi ko Zuba, ya damƙa wa direban garinsu ambulan tare da ɗan kuɗin cefane.

Matsalar hoto kuwa daban take, kuma ita ce abin da ya fi ba mu dariya da muka zauna muna tunawa. Kowa yana son a gan shi cikin kayan sallah, tela kuma ba ya ba da ɗinki sai daren jajibere, wani lokaci ma da asuba ana shirin tafiya idi. Ke nan hoton da za a aika kafin sallah ba zai taɓa zama na kayan bana ba. Ranar sallah ake cika shagon mai hoto, a tsaya gaban labule mai zanen bene ko furanni, maigida ya gyara babbar riga, uwargida ta nuna lallen hannunta, yara an tsare su kada su motsa. Fim ɗin mai ɗaukar hoto 36 ne, kuma mai hoto ba zai kai wanki ba sai ya cika. Sai a yi mako guda ko biyu kafin hoto ya fito, a rubuta a baya, a aika. Saboda haka a gidaje da yawa hoton ƙaramar sallah shi ne gaisuwar babbar sallah, tunda tsakaninsu wata biyu ne da kwana goma. Ba wanda ya tsara haka, larura ce ta koyar, amma dabara ce mai kyau. Ga kuma batun kwanan wata: tunda sai Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata, masu buga kati ba sa sa rana, shekarar Hijira kawai suke sawa.

Da kwamfuta ta yawaita, masu ɗab'i na UTC da ke Area 10 suka fara haɗa hoton mutum da rubutun barka da sallah a kati ɗaya, ƙungiyoyi kuma suka shiga buga kalanda mai hotunan shugabanni. Wannan zamani bai daɗe ba. Wayar salula ta shigo a 2001, saƙon tes ya kashe kasuwar kati cikin 'yan shekaru, Facebook da WhatsApp suka ƙarasa abin da ya rage. Yanzu yaro na iya haɗa hoton gaisuwa a waya cikin minti biyar, ya watsa wa mutum ɗari.

Ba mu ce wannan ba ci gaba ba ne. Sai dai mun ga abin da ya ɓace. Inna da Baba a ƙauye, da yawansu ƙaramar waya ce a hannunsu, sai jika ya zo ya nuna musu hoton na ɗan lokaci ya tafi da abinsa. A da kuwa hoton a bango yake, ko cikin kwalla, duk baƙon da ya shigo sai an ɗauko an ce ga su wane na Abuja. Sannan waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, ana goge hotuna idan ta cika. Ba sau ɗaya ba iyalan mamba da ya rasu, Allah ya jiƙansa, suka zo neman hotonsa mai kyau wajenmu, wanda muka samu sai na tsohon ambulan ɗin nan, yana saurayi.

Don haka a zaman da ya wuce muka amince mu dawo da dabarar iyayenmu. Ranar ƙaramar sallah kowane gida ya ɗauki hoto ɗaya na iyali gaba ɗaya, a waje inda akwai haske, kafin yara su ɓata kaya da miya. A turo wa sakatare cikin makon, tare da sunayen waɗanda ke ciki da garin da za a kai. Za mu kai ɗab'i a tare tun cikin Shawwal, domin ya fi sauƙin kuɗi kuma ba a shiga cunkoson masu buga fosta ba. Kafin Zulƙida ta ƙare katunan su kama hanya ta hannun masu tafiya gida. Kowane gida kwafi biyu: ɗaya na iyaye, ɗaya na akwatin ƙungiya, da suna da shekara a baya. Wanda iyalinsa ba sa son a buga hoton mata, ya aiko na yara ko na maigida kaɗai, babu laifi. Masu tsofaffin katuna a gida kuma, don Allah a kawo mana aro a taro mai zuwa, mu kwafa mu mayar.