Babbar Ruga: Kulawar da Ta Raba Mutum da Danginsa

Wanda ya bar birnin Katsina ta hanyar Batsari zai wuce Babbar Ruga, ƙila ba tare da ya waiwaya ba. Amma shekaru tamanin da suka wuce, in kuturta ta kama mutumin ƙasar Mashi ko Daura, can ake nuna masa.

Tun da Lugga ya yi alkawari a Sakkwato a 1903 cewa ba za a taɓa addinin jama'a ba, gwamnatin mulkin mallaka ta riƙa taka wa 'yan mishan birki a masarautun Musulmi. Kuturta ce ta buɗe ƙofar. A ƙarshen shekarun 1930, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, aka danƙa wa mishan ɗin SIM kula da zangunan kutare: Babbar Ruga a Katsina, Yadakunya a Kano, Amanawa a Sakkwato. En'e na da ƙasa da iko, mishan na da likitoci da masu jinya, kowa kuma ya san abin da ɗan'uwansa ke nema.

Maganin lokacin allura ce ta man wata itaciya ta ƙasar Indiya, mai zafin gaske, amfaninta kaɗan. Saboda haka yawancin kulawar ba ta magani ba ce. Wanke gyambo ne, da abinci, da gonar da majinyaci zai noma, da karatu ga mai so, da majami'a. Mutumin da aka ware wa ƙwaryar cin abincinsa a gidan ubansa ya sami wanda zai riƙe hannunsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma bai kamata a rage masa daraja ba.

Sai dai kulawar ta zo da farashi. Don kare jarirai daga cutar, akan raba su da iyayensu a rene su a wani gida dabam. Niyyar kyakkyawa ce, amma uwa ta rasa goyo, yaro ya tashi a hannun baƙi, wani lokaci da addinin da ba na danginsa ba. Nan ne sarakuna da iyaye suka fi nuna damuwa. Wanda ya warke kuma, bayan shekaru a zango, yakan tarar ba shi da gurbi a ƙauyensu, sai ya dawo ya kafa bukka kusa da asibitin.

Abin da ya sauya lamarin ƙwaya ce. Wajajen 1950 Dakta John Lowe ya nuna a Uzuakoli, a Gabashin Nijeriya, cewa ana iya shan dapson da baki, ga araha. Daga nan aka baza ƙananan wuraren shan magani a karkarar Arewa: mutum ya zo ya karɓi rabonsa, ya koma gonarsa da iyalinsa.

Ikilisiyar da ta gaji SIM, wato ECWA, ta tsaya da ƙafarta a 1954, ba ta kuwa gaji aljihun Turawa ba. Abin da ke hannunta shi ne baikon ranar Lahadi, da dattawan da suka san gidan kowa, da Zumuntar Mata masu kai hatsi ga gwauruwa a ɗakinta. A shekarun 1970 gwamnatocin jihohi suka karɓe asibitocin mishan da dama, Babbar Ruga ma ta koma hannun hukuma.